Kwanon Ƙarƙashin Bargo

Reshen kanya maci amana ne. Ka gan shi da kauri kamar zai ɗauki sa, ka ɗora ƙafa ya ɓalle ba gargaɗi. Duk ƙauyenmu an san haka, kuma Yaya Man-seok ya fi kowa sani, don shi ke ja wa masu tasowa kunne. Shekara arba'in yana hawa lafiya. A kakar da ya cika sittin da uku ya koma sama saboda 'ya'ya biyar da suka rage a ƙololuwa, waɗanda ma bisa al'ada tsuntsaye ake bar wa, ya faɗo da ka a kan dutsen katanga.

Wata huɗu ya yi a asibitin Sangju. Ya dawo da ƙafarsa, ya san sunan kowa, har ya tambaya ko an rataye kanyar kafin ruwa ya taɓa ta. Mutane suka ce ya warke. Ni ƙanwarsa ce, katanga ɗaya ta raba gidana da nasu, kuma tun rasuwar mijina can nake wuni ina taya matarsa Gye-sun fere kanya da shanya. Saboda haka ni na ga irin warkewar.

Cikinsa ne ya daina cewa ya isa. Ya ci kwano uku, ya ajiye cokali, ya tambaya yaushe za a ci abinci. A satin farko ya cinye ɗanyar shinkafar da aka jiƙa, ya zagaya ta bayan madafa inda tulunan kimchi suke, ganyen nan da ake tsimawa da gishiri da yaji, ya kwashe rabin tulu da hannu, aka kama shi durƙushe gaban kwanon kare. Likita ya ce akwai wani wuri a ƙwaƙwalwa da aikinsa ke nan, ya gaya wa mutum ka ƙoshi, kuma nan dutsen ya samu. Wurin da ke riƙe mutum in ransa ya ɓaci shi ma ya taɓu. Ya ƙara da cewa haɗiyarsa ba ta koma daidai ba, abu mai danƙo zai iya tsaya masa a maƙoshi.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta rubuto wa Gye-sun dokoki shafi biyu. Abinci sau biyar a rana, kaɗan-kaɗan, bisa agogo. Ƙaramin kwano, ƙaramin cokali, ya ajiye shi tsakanin loma da loma. Ban da tok, curin shinkafar nan mai danƙo, ko na ɗanɗane. Kada a bar abinci inda idonsa zai gani. In ya fusata kada a yi musu da shi, a janye shi zuwa wani aiki. Ta koya mata kuma yadda ake kama mutum ta baya a matse shi in abu ya shaƙe shi.

Kada a bar abinci inda zai gani, a gidan da ake rataye kanya dubu talatin a rumfa. Na yi dariya da na ji. Gye-sun ba ta yi ba. Ta hau motar safe ta sayo kwaɗo bakwai, ta sa shida: firiji, madafa, rumfar shanya, ƙofar tuluna, rumbun shinkafa da akwatin abincin kare. Na bakwai ya rage ba wurin sa shi, ta jefa shi a aljihun tebur. Makullan ta ɗaure su a ƙugu, kana jin tahowarta tun daga nesa kamar akuya mai ƙararrawa.

Ta manna takarda a bango. Duk cin da ya yi, shi da hannunsa zai ja layi gaban lokacin. In ya ce bai ci ba sai ta nuna masa.

"Baban Yong-tae, duba. Ƙarfe goma. Wa ya ja wannan?"

Ya dubi layin ya daɗe, ya ce wani ne ya kwaikwayi hannunsa.

Ba kullum ake ƙarewa da sauƙi haka ba. Mutumin da shekara talatin da biyar bai taɓa ɗaga mata murya ba ya koma kiranta ɓarauniya, yana cewa ita ke cinye rabonsa in ya juya baya. Sau biyu ya kifar da tebur. Ita kuwa sai ta miƙa masa bakin igiya ta ce ya riƙe mata, ko ta ce kare ya kwance, ko ta sa takalmi ta ce za ta gada, ya raka ta. Kafin su kai gadar ya manta abin da ya fusata shi. Wata rana sau huɗu suka je gada.

Sai kuma ƙauye. A wurinmu ba ka wuce ƙofar mutum lokacin cin abinci ka fita baki bushe, balle a tambaye ka ko ka ci ka ce a'a. Yaya kuwa kullum a'a yake cewa, kuma a ransa gaskiya yake faɗa. Gye-sun ta bi gida-gida tana roƙo. Da hakan bai yi ba ta je wurin mai unguwa, aka faɗa a lasifikar ƙauye da sassafe, tsakanin sanarwar takin zamani da ta allurar shanu, cewa don lafiyar Man-seok kada kowa ya ba shi abinci. A ɗakin taron tsofaffi aka sami abin yi. Wata ta ce, "Maman Yong-tae, in kwaɗo ya rage ki kawo a sa wa bakin maigidana." Wata ta ce a bayan idonta, wai da cokali take auna wa miji shinkafa kamar magani. Gye-sun ta ji duka, ta ci gaba da aunawa.

Tsarin ya yi aiki. Duk Asabar ana ɗora shi a ma'auni, zuwa ƙarshen damina ya sauke kilo biyar daga cikin goma sha takwas da ya ƙara. Daga nan sai allurar ma'aunin ta fara komawa sama, sukarin jininsa ya bi ta.

Ɗansu Yong-tae, wanda ke aiki a Daegu, ya zo bikin kaka ya ga ma'auni, ya ga kuma shatin yatsu a damtsen uwarsa. Bai yi faɗa ba, ba mai faɗa ba ne. Ya ce ya riga ya duba wani gidan jinya a bakin birni, inda ake kula da masu irin wannan rauni, kuma akwai gado. Ya ba ta zuwa sabuwar shekara. In abin bai sauya ba zai zo da mota.

Gye-sun ta bincike gidan kamar ta ɓatar da allura. Ta ƙirga kanyar da ke rataye, igiya-igiya. Ta sauya kwaɗon madafa. Ta fara bin sa har bakin banɗaki. Ta rage masa shinkafa, ta ƙara zuwa gada. Ɗaki ɗaya ne ba ta taɓa ba, kuma babu surukar da za ta taɓa shi.

Inna, mahaifiyarmu, tana da shekara tamanin da tara a lokacin. Ba ta fita, ƙawayenta biyu da suka rage su ke leƙo ta. Safe da yamma Yaya yana shiga ya gaishe ta, kamar yadda ya saba tun yana saurayi, kuma ba wanda zai hana ɗa gaida uwarsa ko ya tsaya masa a ka. Gye-sun har murna take yi cewa Inna na cinye abincinta tas. Ni dai na lura zoben Inna ya fara yawo a yatsa, amma na ce tsufa ne.

Wata rana da sanyi ya fara shigowa na zauna matsa mata ƙafa. Na tura tawa ƙafar cikin bargon da ke shimfiɗe a wurin da daɓen, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa, ya fi ɗumi, sai ta taɓa ƙarfe. Ban buƙaci ɗagawa ba. Na san kwanon. Na tagulla ne mai murfi, na Yaya. Shekara ukun da ya yi a soja kullum sai Inna ta cika shi ta tura ƙarƙashin bargo, don a wurinmu in naka na nesa haka ake yi, wai duk inda yake ba zai kwana da yunwa ba. Na ɗaga duk da haka. Shinkafarta ta rana ce a ciki, da kifinta, da dankali biyu daga hannun ƙawayenta.

Na ce, "Inna, na wa?"

Ta ce na mai shi.

Na fara karanto mata abin da likita ya ce. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke ba ki san yunwa ba, Mal-ja. Ta wuce aka haife ki." Ta ba ni labarin da na sani amma ban taɓa ji daga bakinta ba, na ɗanta na fari, wanda ya riga Yaya. Lokacin sanyi ne, ana tsakiyar yaƙi, yana da shekara biyu. Kwana uku yana cewa shinkafa, rana ta huɗu ya daina. Ba ta yi kuka ba da take faɗa. Ta gyara bargon ta ce, "Wancan ya roƙe ni ba ni da shi. Wannan ya roƙe ni ina da shi. Ki je ki gaya mata in kina so."

Ban gaya mata ba. Na ce gobe, goben ta yi wata uku. Ina tsoron Inna, wannan ɗaya. Ina tausayinta kuma. Amma in zan faɗi gaskiya duka, akwai haushin ƙarar makullan nan a gidan da aka haife ni, inda ko ruwan sha'ir zan sha sai na nemi izini. Na ce a raina loma nawa ce abincin tsohuwa. Ina kallon Gye-sun tana ƙirga kanya a cikin sanyi, na kan ɗauki igiya in taya ta.

Yong-tae ya iso ana gobe sabuwar shekara. Allurar ba ta sauka ba, amma da ragin da Gye-sun ta yi ba ta hau ba. Ya ce magana tana nan yadda ya faɗa. Ya ce kuma gobe shi zai jagoranci hidimar kakanni, kamar bara da mahaifinsa ke asibiti, don ba za a tsai da Baba gaban teburin nan ba.

Nan Gye-sun ta kama shi. Ta ce babban ɗa na raye, a tsaye da ƙafarsa, ba mai zuba wa kakanni giya sai shi. Ta ce, "In ya tsaya gaban teburin nan tun daga farko har ƙarshe bai taɓa komai ba, ka bar mini shi zuwa bazara." Yong-tae ya amince da sauri, irin amincewar wanda ya san yadda za ta ƙare. Ni ma na sani, ko na ɗauka na sani.

Da safe muka jera teburin: nama, kifi, soye-soye, tuffa, gyaɗar kurmi, busasshiyar kanyarmu an tara ta kamar hasumiya, da kwanukan miyar tok suna tururi. Wata goma sha ɗaya Yaya bai ga abinci mai yawan haka wuri ɗaya ba. Gye-sun ta sa masa doguwar rigarsa, wadda sai da aka buɗe ɗinkinta ta shige shi. Ya shigo ya tsaya. Na ga maƙoshinsa na motsi.

Ya durƙusa ya kunna turare. Ya karɓi ƙoƙon giya da hannu biyu, ya zagaya shi sau uku bisa hayaƙin, ya miƙa. Ya yi sujadar gaisuwa sau biyu. Da Yong-tae ya ajiye kifi kai na kallon yamma, Yaya ya ce, "Gabas," bai ko dube shi ba. Hannunsa ya wuce ta saman kanyar ya gyara cokalin marigayi Babanmu, ya dawo ba komai a ciki.

A gidanmu in an gama zuba giya fita muke yi mu ja ƙofa, a bar kakanni su ci ba ido a kansu. Muka tsaya a baranda cikin sanyi. Gumi na bin wuyan Yaya. Yana tsaye ƙofa na gabansa, hannuwa a haɗe. Da lokaci ya yi ya yi gyaran murya sau uku, yadda Babanmu ya saba yi, ya buɗe.

Yong-tae ya juya baya ya daɗe yana kallon katanga. Gye-sun ta ce, "Zuwa bazara," ya gyaɗa kai. Na yi murna ƙwarai, har na manta abin da na sani.

Daga nan muka shiga ɗakin Inna muka yi mata gaisuwar shekara, babba kafin ƙarami. Gye-sun ta koma madafa ta zuba wa Yaya nasa a ƙaramin kwano, romo da ƙwai da nama yankakke ƙanana, ta tsame tok ɗin duka. Inna ta leƙa kwanon da aka wuce da shi ta ƙofarta. Yong-tae ya tafi kwashe tebur. Ni ina ɗauke da faranti na ga Yaya bai fito daga ɗakin ba, na ga ƙofar ta ja a hankali daga ciki. Na tsaya kamar zan yi magana, sai na wuce da farantina.

Ba ihu muka ji ba. Ƙafa ce ke dukan daɓe. Gye-sun ta riga kowa. Yaya na durƙushe hannu a wuya, fuskarsa ta fara baƙi, Inna na bubbuga masa baya da tafin da bai fi ganye nauyi ba. Gye-sun ta kama shi ta baya, hannunta bai zagaye shi ba. Ta ce wa Yong-tae ya kama, ta ɗora masa dunƙulen hannu ƙasan ƙirjin uban, ta ce ciki da sama, da ƙarfi. Sau biyar. A na shida curin tok ya faɗo bisa bargo.

Numfashin farko da ya samu, Yaya ya miƙa hannu ga kwanon.

Yong-tae ya ɗauke kwanon. Kwanon tagulla, cike da tok, wanda ƙawayen Inna suka kawo mata jiya. Ya ɗaga bargon ya ga zoben da gindin kwanon ya bari a daɓe, wanda ba na kwana ɗaya ba ne. Inna ta ce wanda bai ci tok ranar sabuwar shekara ba shekararsa ba ta ƙaruwa, kuma ta ga abin da aka zuba wa ɗanta, ruwa ne zalla. Yong-tae ya ce, "Kaka."

Gye-sun ta janye Yaya da cewa kare ya kwance. Da ta dawo ta same ni a madafa ina wanke abin da ba ya buƙatar wanki.

"Gwaggon Yong-tae, kin sani?"

Na ce na sani.

"Tun yaushe?"

Na ce tun farkon sanyi. Ta dube ni, ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi jin daɗi. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko kwaɗo na bakwai. Ta fita baranda da shi, ta tsaya gaban ƙofar Inna. Ina kallonta ta taga. Ƙofar katako ce da takarda, ƙusa biyu sun isa. Ta daɗe a nan. Sannan ta dawo ta mayar da shi aljihun ta tura.

Yong-tae ya ce alkawari alkawari ne, Baba ya cika nasa, zai jira bazara. Gye-sun ce ta ce a'a. Ta ce ta kulle shinkafa, ta kulle tuluna, ta kulle ƙauye guda da lasifika, amma ba za ta kulle uwa daga ɗanta ba, kuma ba wanda zai ɗaga tsohuwa mai tamanin da tara daga daɓenta. Ta ce gobe ma Inna za ta ba shi, kuma ba kullum Yong-tae ke gida ba. Ta ce ya kira gidan jinyar.

Bayan kwana shida aka tafi da shi. Ya shiga mota ba gardama, don an ce masa can ana cin abinci sau biyar. Gye-sun ta ba ma'aikatan ƙaramin cokalinsa da takardar bango. Tana zuwa duk Laraba da Lahadi a motar safe. Ya sauke kilo tara. Ta ce in ya gan ta yakan tambaya ko an rataye kanya, sannan ya tambaya yaushe za a ci abinci.

Ta cire kwaɗunan duka a wuni ɗaya. Ni da ita muna fere kanya har yanzu, muna maganar ruwa da rana da kwari. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban sami bakin tayarwa ba.

Washegarin tafiyarsa, da aka kai wa Inna abincin safe, ta turo kwanon tagullar bakin ƙofa. Ɗanta na nesa, kowa ya san abin da ake yi. Na miƙa hannu zan ɗauke shi in ɓoye, Gye-sun ta riga ni. Ta kai shi madafa ta buɗe tukunya. Na ga ta ɗauki ƙaramin ludayin da take auna masa, ta dube shi, ta ajiye. Ta ɗauki babban. Ta zuba, ta danna, ta ƙara, har murfin ya ƙi zama daidai.

Ta miƙo mini ta ce, "Kai wa Inna. Yanzu kam a cika masa."